Yadda Ake Gano Ciwon Batirin Keken Lantarki da Gyara Shi

Sau da yawa idan aka ce batirin keken lantarki ya mutu, abu ɗaya ne kawai a cikinsa ya samu matsala. Ko dai fis ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko allon da ke gadin batirin ya kulle, ko kuma rukuni ɗaya na ƙwayoyi ya gaza alhali sauran suna nan garau. Aikin mai gyara shi ne ya gano wannan abu ɗayan kafin ya sayi komai ko ya yanke komai. Awo ne ke gano shi, kuma awon yana da tsari: daga waje ake farawa a shiga ciki.

Abin da ke cikin akwatin

Idan ka buɗe batirin za ka tarar da ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, galibi samfurin 18650 (kaurin milimita 18, tsayin milimita 65) ko 21700 da ta ɗan fi ta girma. Ƙwayar lithiyom irin wannan tana cika a bolt 4.2, tsakiyarta 3.6 ko 3.7, kuma ana ɗaukar ta ƙare idan ta sauko wajen 3.0. Ana haɗa ƙwayoyi uku ko huɗu ko biyar kafaɗa da kafaɗa su zama rukuni ɗaya, sannan a jera rukunan ɗaya bayan ɗaya don wutar ta hau. Batirin 36V (wato bolt 36) rukuni 10 ne, yana cika a 42V. Na 48V rukuni 13 ne, yana cika a 54.6V. Na 52V rukuni 14, cikarsa 58.8V. Idan ka ga an rubuta 13S4P a jiki, ana nufin rukuni 13, kowanne da ƙwaya 4, jimilla ƙwaya 52.

Akwai wani nau'in da ake kira LiFePO4, wanda ƙwayarsa ke cika a 3.65V, tsakiyarta kuma 3.2V. Duba rubutun jikin batirinka tukuna, domin lambobin da ke cikin wannan jagora na nau'in 4.2V ne.

A gefe ko a saman ƙwayoyin akwai allon BMS. Shi ne mai gadi. Siraran wayoyi suna fitowa daga kowane rukuni zuwa gare shi, da su yake sanin halin da kowanne ke ciki. Da zarar rukuni ɗaya ya haura wajen 4.25V zai tsayar da caji, da zarar ɗaya ya faɗi ƙasa da iyakarsa, wadda galibi ke tsakanin 2.7 da 3.0V, zai yanke wutar keken baki ɗaya. Ka ɗauka bokitai 13 ne ake cikawa tare ana kwashewa tare: wanda ya fara cika shi ke sa a rufe famfo, wanda ya fara ƙarewa shi ke sa a daina ɗiba, komai yawan ruwan da ya rage a sauran. Duk abin da za mu yi nan gaba a kan wannan ya ginu.

Batirin da ba a taɓawa

Idan batirin ya kumbura, ko yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, ko yana huci, ko ya ɗau zafi ba tare da ana caji ko tuƙi ba, ko ruwa ya shige shi har ƙwayoyin sun yi tsatsa, ko ya faɗi ƙwayoyin sun lotsa, to maganar gyara ba ta taso ba. Fitar da shi waje, ka ajiye shi a kan siminti ko ƙasa nesa da duk abin da zai iya kamawa. Idan ya fara hayaƙi ka nisance shi, ka kira 'yan kwana-kwana. Hayaƙin guba ne, wutar kuma tana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Ina jaddada wannan ne domin gobarar lithiyom ba ta ba mutum lokacin shawara.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, shirya wurin aiki. Tebur wanda ba na ƙarfe ba, wuri mai iska, hanyar fita a buɗe, bokitin yashi a kusa. Cire zobe da agogo da sarƙa. Bolt 54 ba shi ne abin tsoro sosai ba, amfiyan ne: idan zobe ya haɗa fozitif da negatif, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinsa ya yi jajir a yatsanka nan take. Sa tabarau na kariya. Naɗe sukudireba da filaya da tef, ka bar bakinsu kaɗai. Tsinkayen mitarka ta awon wuta ma ka rufe su, ka bar kamar milimita biyu a tsinin, domin a matsattsen wuri za su yi aiki.

Mataki na farko: caja, fis da soket

Juya mita zuwa awon DC, a ma'aunin da ya haura 60V. Jona cajar a wuta ba tare da batir ba, ka auna bakinta. Cajar batirin 36V ya kamata ta nuna 42V, ta 48V kuma 54.6V. Idan ta nuna 52V a maimakon 54.6V, ka samu dalilin da ya sa keken ba ya nisa: batirin bai taɓa cika ba, kuma allon BMS bai samu damar daidaita rukunan ba, tunda yawancin alluna a can ƙarshen caji suke wannan aikin. Akwai cajojin da ba sa sakin wuta sai sun ji batir, irin waɗannan sai an auna su a jone.

Fitilar caja ma tana magana. Batir babu caji, ka jona, fitila ta tsaya a kore ba ta koma ja ba: wuta ba ta shiga kenan. Duba ramin cajin ko ya saki ko ya yi datti, duba ƙaramin fis na caji idan akwai. Sannan babban fis na fita, da makunnin batirin, da haƙoran da ke haɗa shi da jikin keken. Haƙoran da suka yi baƙi ko robar da ta narke a kewayensu alama ce ta haɗin da ya saki yana zafi, kuma shi kaɗai ya isa ya sa keke ya riƙa ɗaukewa a kan gargada. Fis da ya ƙone a sauya shi da mai lamba ɗaya da shi, amma a tambayi kai me ya ƙona shi.

Yanzu auna bakin batirin kansa. Rubuta abin da ka gani, sai dai kada ka yanke hukunci da shi. Ga dalili. A batirin 48V, a ce rukuni 12 suna kan 4.18V, ɗaya kuma yana kan 3.60V. Jimilla 53.76V. Mita za ta nuna maka batir ya kusa cika, fitilun jikinsa duk za su kama, amma wancan rukunin bai kai rabin caji ba, kuma shi zai kashe keken tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na biyu: awon rukuni-rukuni

Nan ne ainihin aikin. Kwance notunan akwatin, ka zaro batirin a hankali kada ka fizgi waya. Ɗauki hoto ta kowace fuska kafin ka cire komai. Idan akwai rigar leda a jiki, tsaga ta da abin roba ko almakashi mai dakusasshen baki, a gefen da babu waya, kada wuƙa ta shiga tsakanin ƙwayoyi.

Nemo farin filogin da siraran wayoyin suka taru a ciki. A batiri mai rukuni 13 yawanci waya 14 ce, wasu allunan kuma 13, idan negatif na farko ya bi ta babbar waya. Zare filogin daga allon ta hanyar kama jikinsa, kada ka ja wayoyin. A filogi mai waya 14, ɗora baƙin tsinke a rami na farko, jan tsinke a na biyu: wannan rukuni na 1 ne. Matsa gaba, na biyu da na uku: rukuni na 2. Haka har ƙarshe. Ramukan suna dab da juna, idan tsinkayen suka taɓa juna tartsatsi zai tashi, siririyar waya ta ƙone. Ka jingina hannunka a tebur, ka yi a natse. Rubuta kowace lamba har gurbi biyu bayan ɗigo.

Awo ɗaya bai isa ba, kuma wannan ne wurin da masu gaggawa ke tsallakewa. Ana son awo bayan caji ya tsaya, da wani awon bayan batirin ya sauka sosai, da na uku yayin da yake ɗauke da lodi. Lodi mai sauƙin haɗawa shi ne ƙwayayen fitilar mota na 12V mai wat 55, a jera huɗu ɗaya bayan ɗaya ga batirin 48V, uku ga na 36V. Za su ja amfiya 4 zuwa 5. Suna zafi ƙwarai, a ajiye su nesa da batirin. A awon lodi ka mayar da filogin jikin allon, ka auna ta bayan ramukansa ko a kan faifan ƙarfen rukunan, don mai gadi ya kasance a bakin aiki.

Karanta lambobin

Batiri mai lafiya rukunansa suna tafiya kusan kai ɗaya, bambancin bai wuce 0.02 zuwa 0.05V ba. Idan ya kai 0.1V a cike, akwai abin dubawa.

Rukunin da ke ƙasa da sauran a cike, kuma ƙasa da su a sauke, an bar shi a baya ne. Wataƙila rashin daidaito ne kawai, wataƙila kuma wani abu na tsotse shi a ɓoye. Za mu rarrabe su nan gaba kaɗan.

Rukunin da ke riga kowa cika kuma yana riga kowa ƙarewa, cikinsa ne ya ragu. A nan ka kai ido kusa da faifan nikel ɗin da aka yi wa walda a kan ƙwayoyin. Sa ɗan tsinken roba a ƙarƙashin gefensa ka ɗaga kaɗan. Inda walda ta kama ba zai motsa ba. Inda ta saki za ka ga faifan ya ɗago kamar farce, a ƙarƙashi kuma ɗigo biyu baƙaƙe da ba su taɓa narkewa da kyau ba. Girgizar hanya ce ke ƙarasa irin wannan. Ƙwaya ɗaya ta fita daga cikin huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar keken duka ya tafi. Idan waldar lafiya take, to wata ƙwaya ce ta mutu ta ciki. Ƙwayoyin suna da wani makatsi a ƙarƙashin hular fozitif wanda ke yanke wuta idan iska ta taru a ciki. Wadda ta yi haka za ta nuna sifili idan an ware ta. Akwai masu zura tsinke su danne makatsin don ta dawo. Kada ka yi, domin abin da ya tara iskar yana nan.

Rukunin da ke daidai da sauran a zaune amma ya zube da zarar an sa lodi, ya gaji. Idan sauran sun sauka da 0.05V shi kuma ya sauka da 0.25V, shi ne ke sa keken ɗaukewa a hawan tudu ko idan an murɗa totur, sannan ya dawo bayan an kashe an kunna. Idan kuwa duk rukunan tare suke zubewa, tsufa ne ya kama batirin gaba ɗaya. Sauya rukuni ɗaya a nan asarar ƙwayoyi ce.

Rukunin da ya nuna sifili, maƙwabcinsa kuma ya nuna lamba marar kan gado, kafin ka zargi ƙwayoyi ka auna a kan faifan kai tsaye. Sau tari siririyar wayar ce ta cire daga mazauninta.

Sai rukunin da da gaske ya faɗi ƙasa da 2.0V. A ganina a nan babu ciniki. A irin wannan faɗuwa jan ƙarfen da ke cikin ƙwayar yana fara narkewa, idan aka sake caji sai ya taru a inda bai kamata ba, ya iya huda shamakin da ke raba ɓangarorin biyu. Ƙwayar za ta karɓi caji, ta yi aiki kamar babu komai, sannan ta kama da wuta wata rana cikin dare. A cire rukunin.

Ɗago rukunin da aka bari a baya

Idan rukunin yana sama da 2.5V, ana iya ɗago shi. Barin batir a jikin caja ba zai yi ba idan tazarar ta yi yawa, domin allon BMS yana daidaitawa ne da 'yar wuta kaɗan, misalin miliamfiya 50. Rukuni mai 14Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka ne, amfiya sau awa) da ya rasa 8Ah zai buƙaci awa 160 a haka. Abin yi shi ne a yi masa caji shi kaɗai, da cajar ƙwaya ɗaya wadda ke tsayawa a 4.2V, ko injin ba da wuta na teburi da aka saita a lambar da sauran rukunan ke kai, amfiya 1. Cire filogin BMS, cire babbar caja, ka maƙala a kan faifan rukunin bayan ka tabbatar da fozitif da negatif da mita. Rukuni ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ka jona ƙananan cajoji biyu daga tushen wuta guda zuwa rukunai biyu, negatif ɗinsu a haɗe yake, shot za ka yi, wato fozitif da negatif su haɗu kai tsaye.

Idan ya kamo sauran, ka bar batirin ya kwana huɗu zuwa mako, filogin BMS a cire, ka sake awo. Idan ya sake zamewa ƙasa, akwai ƙwaya mai yoyo a cikinsa, tana janye 'yan'uwanta. Idan ya tsaya cak, mayar da filogin ka sake jira. Ya zame yanzu? To allon ne ke tsotsarsa, wani ɗan ɓangaren daidaitawa ya maƙale a kunne. Wannan jiran yana da cin rai, amma shi kaɗai ke hana ka sauya ƙwayoyi masu lafiya ka bar mai laifin a ciki.

Idan allon BMS ne

Rukunai duk lafiya amma babu wuta a waje: auna daga babban fozitif zuwa B- a jikin allon, inda negatif ɗin ƙwayoyin ke shiga, sannan daga fozitif ɗin zuwa P-, inda negatif ke fita zuwa keken. Lambobin biyu ya kamata su zo ɗaya. Idan na farko ya nuna 50V na biyu kuma sifili ko wata lamba ƙasa sosai, allon a rufe yake. Mita kan nuna wutar ƙarya a nan, don haka ka gwada da fitilun. Jona caja na ɗan lokaci, wasu allunan da haka suke farkawa. Idan ya ƙi, sauyi ne.

Sabon allo dole ya dace da yawan rukunai, da nau'in ƙwaya, kuma amfiyansa ya kai ko ya haura abin da kwantirolar keken ke ja. Duba kuma ko caji da fita hanya ɗaya suke bi, ko akwai C-, wato negatif na caji, dabam. Kada ka cusa tsohon filogi a sabon allo don kawai ya shiga, jerin wayoyin kan bambanta. Ɗora baƙin tsinke a waya ta farko ka bi sauran da ja: lambar ta riƙa hawa daki-daki, 3.7, 7.4, 11.1, har ƙarshe, babu tsallake babu komawa baya. Wajen haɗawa B- ake fara ɗaurawa, sai filogin siraran wayoyi, sai P-. Wajen cirewa filogin ke fara fita. Ɗan ma'aunin zafin allon a manna shi a jikin ƙwayoyin tsakiya.

Haɗa waya ta tsallake allon don keke ya tashi ba gyara ba ne, cire mai gadi ne a bar ciwon. Batiran manyan kamfanoni irin su Bosch da Shimano kuwa allonsu yana musayar bayanai da keken, allon gama-gari ba zai maye gurbinsa ba, wasu ma kan kulle kansu idan aka yanke musu wuta. Waɗannan a kai su wurin wakilan kamfanin.

Sauya rukuni

Rukunin duka ake sauyawa, domin ƙwayoyin da suka zauna da mai yoyo sun sha wahala tare da ita. Nemo samfuri ɗaya da na ciki, lambar tana jikin rigar ƙwayar. Ƙwayar 18650 ta gaskiya, irin ta Samsung, LG, Panasonic ko Molicel, ba ta wuce wajen 3500mAh (wato 3.5Ah) da wani abin kirki, nauyinta kuma gram 45 zuwa 48. Wadda aka rubuta wa 9900mAh jabu ce.

Sauke batirin zuwa wajen 3.6V a kowane rukuni kafin ka fara, ƙarfin da ke ciki ya ragu. Rufe duk sauran rukunan da kwali da tef, ka bar inda kake aiki kaɗai. Yanke faifan da ke haɗa rukunin da maƙwabtansa, ka naɗe shi da siririyar filaya yana tashi. Ka kula da kafaɗar ƙwaya ta ɓangaren fozitif: gwangwanin ƙwayar gaba ɗayansa negatif ne, har gefen da ya zagaye hular, siririyar leda ce kawai ta raba su. Filaya ta goge wannan ledar, shot ya samu. Shi ya sa kowace sabuwar ƙwaya ake manna mata zoben takardar kariya a wannan kafaɗa kafin faifai ya hau.

Sababbin ƙwayoyin su zo daidai da junansu, tazarar kada ta wuce 0.02V, kuma daidai da sauran batirin. Faifan ya zama nikel zalla, misali mai kaurin milimita 0.15. Maganaɗisu ba ya rarrabe shi da ƙarfen da aka shafa wa nikel, dukansu yana kama su. Goga shi a giranda: ƙarfe yana watsa tartsatsi da yawa, nikel kusan babu. Ko ka kankare shi ka jiƙa a ruwan gishiri, ƙarfe zai yi tsatsa. Kwaikwayi faɗi da yawan faifan da kamfanin ya sa tsakanin rukunai.

Injin walda na ɗigo ake amfani da shi. Ƙarfen narka dalma yana daɗewa a kan ƙwaya, zafin ya shiga ciki ya lalata ta, don haka dalma a kan faifai kawai ake sa ta, wajen maƙala siraran wayoyi, kuma gara a yi hakan kafin faifan ya hau ƙwaya. Gwada ƙarfin injin a kan matacciyar ƙwaya tukuna: ka fizge faifan, idan ya yage ya bar ɗigon a manne, walda ta yi. Idan ya ɓalle sumul, ƙara ƙarfi. Ɗigo huɗu zuwa shida a kowane kai, kuma a ɓangaren negatif a kauce wa tsakiya.

Cajin farko da gwaji

Kafin ka rufe akwati, sake bin ramukan filogin da mita, ka lulluɓe faifan da takardar kariya da tef ɗin Kapton mai jure zafi, ka raba siraran wayoyi da gefen ƙarfe mai kaifi, ka cusa soso inda batirin zai iya motsi. Cajin farko a waje ko a kan siminti, kana wurin daga farko har ƙarshe. Lithiyom ana yi masa caji ne tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Salshiyas, don haka kada ka yi shi cikin rana tsaka ko da batirin da ya dawo daga tafiya da zafinsa. Riƙa taɓa rukunan da bayan hannu, ɗumi kaɗan ba komai, amma wuri ɗaya da ya fi sauran zafi dalilin cire caja ne nan take. A ƙarshen caji kowane rukuni ya tsaya tsakanin 4.15 da 4.20V.

Daga nan ka sa mitar wat tsakanin batirin da fitilun, ka sauke shi har allon ya yanke. Batirin 48V mai 14Ah an rubuta masa 672Wh, wato bolt 48 sau 14Ah. Idan ka samu kashi 80 cikin 100 na wannan ko sama, gyara ya yi kyau. Ƙasa da kashi 70, sauran rukunan ma sun kama hanya, sai a fara shirin sake masa ƙwayoyi gaba ɗaya. A daidai lokacin da ya yanke ka yi maza ka auna rukunan, wanda ya fi ƙasa shi ne za ka sa wa ido a awo na gaba, bayan caji biyar ko shida.

Tsofaffin ƙwayoyin da ka cire ka rufe kawunansu biyu da tef, kowace dabam, ka zuba su a mazubin da ba na ƙarfe ba, ka kai wurin da ake karɓar matattun batira. Ba a jefa su a shara, ba a kuma ƙona su. Idan keken zai daɗe a ajiye, bar batirin a wajen 3.7 zuwa 3.8V kowane rukuni, wato 48 zuwa 49V ga mai rukuni 13, a wuri mai sanyi marar laima, ka riƙa auna shi duk bayan wata biyu ko uku.